Taku Tara Da Jan Zaren Mama

Ku gyara zama, don yau ba kuka na zo yi muku ba. Kukan na gama shi tun ranar Alhamis a banɗakin ofis, na wanke fuska, na sake shafa hoda, na fito kamar ba ni ba. Abin da ya rage a ƙirjina wuta ce, kuma wallahi ban nemi ruwan kashe ta ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da shida, aikina rubuta manhaja. Kamfaninmu ne ke kula da manhajar da wasu asibitoci ke tura wa marasa lafiya saƙon ranar ganin likita. Mai nemana ma a kamfanin yake, shi ne shugaban sashen tsari. A gidanmu Mama ba ta kiran sunansa, sai dai "ɗan albarka". A ofis kuwa, da ya ba da baya, Sai-an-duba muke ce masa, don ko sannu ka yi masa sai ka ga kamar zai ce ka kawo a rubuce.

Bari in gwada muku yadda muke aiki, in ba haka ba ba za ku gane irin cutar da aka yi min ba. In na gyara layi ɗaya tak a manhaja, ba ya isa ga masu amfani da ita sai ya bi ta tebur goma sha ɗaya. Mai dubawa ya duba, mai duba mai dubawa ya duba, masu gwaji su gwada, mai kula da tsaron manhaja ya sa hannu, kwamitin Laraba ya zauna a kai ya sha shayi, haka dai har ya isa teburin ƙarshe, inda Sai-an-duba zai buga hatimi. Lokacin da na fara aiki tebur uku ne kacal. Amma duk ranar da aka samu matsala sai ya kira taro, ya gyara wuyan kwat, ya ce, "Daga yau mun ƙara mataki ɗaya." A tafa masa. Cikin shekara uku ya haifi takwas, kuma yana ji da su kamar 'ya'yan cikinsa.

To farkon watan jiya na hango wani kuskure. In wata ya ƙare, manhajar za ta ja ranar ganin likita baya da kwana ɗaya. Minti arba'in na yi na gyara shi. Na tura, na rubuta GAGGAWA da manyan baƙaƙe a kai. Na bi shi da saƙo, na bi shi da ƙafa, kowa ya ce min yana kan layi. Kwana ashirin da uku gyaran nan yana yawo tebur-tebur har wata ya ƙare. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai suka samu saƙon ƙarya. Tsofaffi da sanda, masu ciki da ƙafa a kumbure, suka kwashi jiki zuwa asibiti aka ce musu sai gobe. An ce wata tsohuwa tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba saboda gwajin jini, sai da aka ba ta kujera a bakin ƙofa. Wannan tsohuwar har yau tana raina.

Ranar Alhamis aka tara mu. Shugabar kamfani ta zauna a bakin tebur, tabarau a kan hanci, ta ce, "Wa ke da alhakin wannan?"

Sai-an-duba ya miƙe. Farar riga, kwat ruwan toka, agogon da ni na zaɓar masa. Ya danna wani abu, sai ga sunana a jikin allo, manya-manya, a gaban mutum arba'in.

"Ranki ya daɗe, ɓangaren kwanan wata ita ta rubuta shi. Abin takaici, an samu sakaci. Shi ya sa nake ba da shawarar mu ƙara mataki na goma sha biyu."

Ko kallona bai yi ba. Jama'a, mutumin da ya tura min hoton zobe da safiyar ranar! Shugaba ta ce ranar Litinin za a zauna a kan maganata, ko in tsaya ko in tafi.

Bayan la'asar sai ga farar motarsa a ƙofar gidanmu. Ya shigo falo da ledar tuffa da inabi, turarensa ya riga shi zama. Na fito da tsohuwar doguwar rigata ta zaman gida, mai tabon bilic a hannu, da gangan. Ya yi murmushi kamar ba shi ya yanka ni da rana ba.

"Injiniyata, har yanzu fushin ne?"

"Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya zaro takarda daga aljihun kwat, ya shimfiɗa a kan teburin gilashi, ya ɗora biro a kai. Da yaren ofis aka rubuta ta, mai santsi, amma abin da take cewa layi biyu ne: na amsa ni na yi sakaci, kuma na ajiye aiki da kaina.

"Ki fahimce ni," ya ce, ya rage murya. "Dole a nuna mutum ɗaya. In aka ce tsarin ne ya gaza, ni aka nuna. Kin kuma san wata mai zuwa ake maganar ba ni mataimakin shugaba. Ke kuwa, tsakani da Allah, bayan biki me za ki yi da aikin nan?"

"Ka san na tura gyaran."

"Na sani mana. Amma ai sai an duba."

Wallahi da bakinsa ya faɗa. Da ba don raina a ɓace yake ba, da na faɗi ƙasa don dariya.

Yana fita labulen tsakar gida ya motsa. Dama na san Mama na nan, don tun ɗazu nake ganin silifas ɗinta ta ƙasa. Ta shigo da kwarashi da dunƙulen jan zaren ulu, tana saƙa wa jaririyar Yaya rigar sanyi, ta zauna a kujerar da ya tashi.

"Auta, sa hannu kawai. Mijinki ne gobe. In ya ɗaga ke kika ɗaga."

"Mama, sunana fa zai ɓaci. Babu kamfanin da zai sake ɗauka ta."

"Suna! Sunan da za ki koma amsa nasa? Ke dai taurin kai ne. Mene ne a cikin sa hannu, ɗan zane ne fa. Shi ma ɗin ai nawa kika sata."

Gaskiya ta faɗa. Ina aji huɗu na faɗi lissafi, na ji tsoron kawo takardar sakamako gida, na zauna na kwaikwayi sa hannun Mama har na iya. Aka kama ni, na sha duka, amma hannun ya zauna min. Har yau da shi nake amfani, da 'yar wutsiyar nan da ke lanƙwashewa a ƙarshe. Bambancinmu ɗaya: Mama in ta riƙe biro danna shi take kamar ya yi mata laifi, ko jerin cefane ta rubuta sai ya fito ta baya.

Na ɗauki takardar na cusa ƙarƙashin tiren kofuna a kan firij. Ban yage ta ba. Wannan kuskuren ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Ko awa ba a yi ba sai ga saƙon murya daga Yaya, minti huɗu da rabi, jaririya na kuka a baya. "Ke Auta, wai me ke damunki? Mutum mai mota, mai hankali, ba ya shan ko sigari. Aiki ai ana samun wani, miji irin wannan fa?" Na saurari minti ɗaya na kashe.

Ranar Juma'a na je ofis kowa na kauda kai, kamar sakaci cuta ce da ake ɗauka. Mutum ɗaya ce ta kira ni, Anti Gwaji. Ita ce babba a masu gwajin manhaja, ta haura hamsin, kullum da farin mayafi da takalmin roba, kuma ta ga zuwan shugabanni huɗu ta ga tafiyarsu. A kan teburinta akwai wata kwalbar alawa cike taf, ban taɓa ganin ta ragu ba.

"Zauna, 'yata. Idonki ya nuna kina neman wanda za ki sara."

"Na ma same shi, Anti."

"To ajiye addar tukuna. Ɗauki biro ki zana min hanyar da gyaranki ya bi. Kada ki rubuta sunan kowa, tebur kawai."

Na zana akwati goma sha ɗaya a jere. Ta karɓi biron ta ja layi daga na ƙarshe ya zagayo ya dawo na farko.

"Duba nan. In tebura suka yi yawa, me ke faruwa da aiki?"

"Ya daɗe."

"In ya daɗe, kuna tura gyara ɗaya-ɗaya?"

"A'a. Tarawa muke, tunda layin da wahala. Sittin, saba'in, a sake su rana ɗaya."

"In aka saki saba'in rana ɗaya?"

Na kalli zanen. Kuskuren nan ma haka ya shigo. Nawa ɓangaren lafiyarsa lau, na wani ma lafiyarsa lau, haɗuwarsu a cikin tarin ce ta haifi matsalar, kuma ba wanda aikinsa ne ya duba haɗuwar.

"A samu matsala," na ce.

"In aka samu matsala?"

"A ƙara tebur."

"Yauwa. Kin ga ya cije wutsiyarsa. Kowa a nan yana kallon teburinsa, yana kuma yin aikinsa daidai gwargwado. Ba mai tashi tsaye ya kalli ɗakin gaba ɗaya." Ta turo min kwalbar da ɗan yatsa. "Kin san alawar nan ta mece ce? Shekara guda kenan, duk takardar da ta bi ta hannuna, ina saka layi ɗaya a shafi na uku: duk wanda ya karanta wannan ya zo in ba shi alawa. Har ta gyaranki na saka."

"Ba wanda ya zo?"

"Ko ke ba ki zo ba. Kin kuma sa hannu a guda nawa?"

Kunya ta kama ni har kunnena. Na farko yana sa hannu don ya san akwai goma a bayansa, na ƙarshe yana sa hannu don ya san goma sun riga shi. Ni ma haka nake yi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Asabar da safe na ce wa Mama ta ara min jan zarenta. Ta ɗauka saƙa zan koya, har da cewa Allah ya shirya mata ni. Ta ba ni sabon dunƙule, ta ce in dawo mata da ragowar. Asabar da Lahadi a gidan Anti Gwaji na yini, mun baje a kan tabarmar falonta da kwamfuta da almakashi. Manhajar ofis tana ajiye ranar da kowace takarda ta sauka a tebur da ranar da ta tashi, sai dai ba mai buɗe wurin. Muka buɗe. Kowane kwana ɗaya na jira, muka auna taku ɗaya na zare muka yanke, muka liƙa masa lambar tebur. Shida sun riƙe gyarana kwana ɗai-ɗai. Huɗu kwana bibbiyu.

Tebur na goma sha ɗaya, kwana tara.

Na ƙirga sau uku. Sannan na ɗauko wayata na koma saƙonninsa na waɗannan kwanakin, don ni ba na goge komai. Rana ta biyu, ƙarfe sha ɗaya da kwata: "Ina zaune a ofis ba abin da nake yi sai tunaninki." Rana ta biyar: hoton labule kala uku, wai in zaɓi na falonmu. Rana ta takwas, ranar da na je har ƙofarsa na ce masa gyaran nan fa na gaggawa ne: "Kin yi kyau yau, amma ki rage ɗaure fuska."

Na juyo mata da wayar. "Anti, me ya sa? Hatimi ne fa kawai!"

"Da me ake auna shi?" ta ce, tana naɗe zare a yatsa. "Da yawan matsalar da ta fito bayan an saki aiki. To watan da ake duba shi don ƙarin girma, me ya fi masa sauƙi? Kada ya saki komai. Ba saki, ba matsala, rahoto fari tas. Ko ke aka zaunar a kujerar nan, aka auna ki haka, abin da za ki yi kenan."

"Wataƙila. Amma ba zan sa sunan wanda zan aura a jikin allo ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wannan kuma tsakaninku ne. Ni dai ki yi min alkawari ɗaya. In kika shiga ki ce wane ne, za su cire shi su ɗora wani, teburan na nan, wata tsohuwar ta sake zama da yunwa a asibiti. Tsarin za ki nuna musu. Kada bakinki ya ambaci sunan kowa."

"Na yi alkawari, Anti. Bakina ba zai ambaci sunansa ba."

Ku lura da abin da na ce. Bakina na ce.

Litinin na tashi na goge doguwar rigata baƙa mai maɓallan azurfa, na ɗaura jan mayafi daidai launin zaren, na sa takalmi mai tsini wanda ke ƙara a kan tayil. Mama ta kawo min shayi da burodi har ɗaki, abin da rabonta da yi tun ina makaranta. Sai fara'a take.

"Ɗan albarka ya zo jiya ba kya nan. Mun daɗe muna hira, yaron kirki."

"Uhm."

"Allah ya sa a gama lafiya. Komai zai zo miki da sauƙi, ki ce na faɗa miki."

Da ta miƙo kofin na ga shuɗin tawada a gefen yatsanta. Na ɗauka jerin cefane ta rubuta. Hankalina duk yana kan jakata.

Ɗakin taronmu bangonsa gilashi ne, ƙofarsa na buɗewa kai tsaye cikin babban ɗakin ma'aikata. Daga teburin Shugaba zuwa ƙofar taku shida ne. Na sani, don ranar Juma'a kafin in tashi na auna da ƙafata. Masu tebur goma sha ɗaya duk suna zaune, Anti Gwaji a cikinsu, ita ce ta huɗu. Sai-an-duba ya zo da sabuwar kwat shuɗiya, ya ɗan kashe min ido, irin na "kada ki damu".

Shugaba ta ce, "Kina da abin faɗa?"

"Ranki ya daɗe, minti goma nake roƙo. Ba zan zargi kowa ba."

Na zazzage jakata a kan tebur. Na ɗaga wani ɗan guntun zare da bai kai ɗan yatsana ba. "Wannan shi ne lokacin da na ɗauka na gyara kuskuren. Sauran kuwa lokacin da gyaran ya yi yana jira ne, taku ɗaya kwana ɗaya. Ina roƙon kowa ya ɗauki mai lambar teburinsa, ni in riƙe ɗaya bakin, shi ya ja baya har zaren ya miƙe."

Aka fara 'yar dariya. Shugaba ta ɗaga gira, amma ta ce a yi. Na ɗaya ya ja taku ɗaya ya tsaya. Na biyu haka. Anti Gwaji ta ja biyu, ta ce, "Ni ma ga nawa, ban tsira ba." Kafin a jima mutum goma sun zagaye ni a tsaye, kowa da jan zare a hannu, ba wanda ya yi nisa. Ina riƙe da bakunan zaren na yi musu bayanin zagayen nan da Anti ta zana min, yadda tsoron matsala ke haifar da tebur, tebur ya haifi jira, jira ya haifi tari, tari ya haifi matsalar. Na ce a buɗe shafi na uku na takardar gyarana. Mai tsaro ya karanta layin alawar da ƙarfi, muryarsa na raguwa. Sa hannu goma sha ɗaya ne a ƙasan takardar. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

"To me kike so a yi?" Shugaba ta tambaya. Ta cire tabarau.

"A mayar da su uku, kowanne da abin da yake dubawa takamaimai, da sunansa a kai. A riƙa sakin gyara ƙanana kullum, maimakon tari a wata. A daina auna mu da yawan matsala kawai, a auna kwana nawa gyara ke yi kafin ya isa ga mara lafiya."

Ta rubuta. Da idona na ga ta rubuta. Sannan ta nuna tebur da biro. "Wancan naɗin fa? Ba wanda ya ɗauka."

"Na tebur na goma sha ɗaya ne, ranki ya daɗe."

Ban kalle shi ba, yadda shi ma bai kalle ni ba ranar Alhamis. Miƙa masa kawai na yi. Ya karɓa da murmushin yaƙe, ya fara ja da baya. Ɗaya. Biyu. Uku. Zaren na warwarewa, bai ko kusa miƙewa ba. A taku na huɗu ya wuce kowa. A na shida bayansa ya daki ƙofa.

"Ranki ya daɗe, ina ga an gane abin da ake..."

"Bai miƙe ba," in ji Shugaba. "Buɗe ƙofar."

Ya buɗe. Bakwai. Takwas. Tara. Sai ga shugaban sashen tsari tsaye a tsakiyar ɗakin ma'aikata, da sabuwar kwat, riƙe da zaren rigar jaririya, mutum talatin sun bar kwamfutocinsu suna kallonsa. Wata daga can baya ta ce, "Ikon Allah, har yanzu ana dubawa ne?" Ɗakin ya fashe.

'Yan uwa, ba zan yi muku fuskar salihai ba. Daɗi na ji. Daɗin da ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na ɗan ja zaren kaɗan don ya ji ni ce riƙe da ɗaya bakin. Anti Gwaji ta harare ni, na nuna mata bakina a rufe.

Ya saki zaren ya dawo ciki, ya rufe ƙofar a hankali. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, amma muryarsa ba ta rawa, kuma a nan ne gabana ya faɗi.

"Wasan ya yi kyau," ya ce. "Sai dai, ranki ya daɗe, ban so a kai nan ba. Mai maganar ta riga ta amsa laifinta a rubuce, ta kuma ajiye aiki. Tun jiya."

Ya zaro takarda daga aljihun kwat ya ajiye gaban Shugaba. Daga inda nake na hango zagayen gindin kofi a kusurwarta. Takardar kan firij ɗinmu ce.

Shugaba ta mayar da tabarau, ta karanta, ta juyo min da ita. "Wannan sa hannunki ne?"

Sa hannuna ne, har da 'yar wutsiyar. Na ɗaga takardar na shafa bayanta da yatsa. Biron ya danne ta har ya kusa huda ta.

Sai a lokacin na tuna shuɗin tawadar nan a yatsan Mama. Mama ba ta karanta yaren ofis. Allah kaɗai ya san abin da ya ce mata takardar ta ƙunsa, yana zaune a falonmu da ledar tuffa. In na ce nawa ne, na kori kaina da hannuna, zaren ya tashi a banza. In na ce ba nawa ba ne, tambaya ta gaba ita ce na wane ne, kuma kamfaninmu yana da lauya a hawa na biyu. Ya san haka. Shi ya sa ya tsaya yana gyara agogon da na zaɓar masa.

"Ranki ya daɗe," na ce, kuma ban san daga ina muryar ta fito ba, "wannan ma irin sha ɗayan can ce. Wanda ya sa mata hannu bai karanta ta ba."

"Ba abin da na tambaye ki ba kenan."

"Na sani. Shi ya kawo ta, shi ya san ɗakin da ya shiga da ita."

Ta dube shi, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ta dube ni. Ta ninke takardar ta sa a aljihun teburinta ta murɗa makulli.

"Gobe ƙarfe tara. Ko ki ce min naki ne, ko ki faɗa min na wane ne. Ɗayanku ba zai yi azahar a kamfanin nan ba."

Na tattara zaren na cusa a jaka. A hanya saƙonsa ya shigo: "Ke kika ja. Har yanzu ƙofa a buɗe take, ki ce naki ne mu rufe maganar, Mama ta huta." Na rubuta masa: "Saƙonka yana kan layi." Na kife wayar a cinyata.

Tun daga ƙofar gida na jiyo rediyon Mama. Tana zaune a falo, rigar jaririyar a cinya, saura hannu ɗaya, kwarashin a soke a jiki tana jiran zare. Ta ɗago da murmushin da ya cika fuskarta, ta miƙo min hannu, shuɗin tawadar nan na gefen yatsa bai gama fita ba.

"Auta, kin dawo? Ba na ce miki zai zo da sauƙi ba? Ya ce takardar neman afuwa ce, da an gani za a bar ki a kan aikinki. Kawo min ragowar zarena."

Na buɗe jakar na zazzage mata shi a cinya, guntu goma sha biyu, duk a yanke.